Rabin Waƙa a Bayan Tashar Jirgi

Comfort ce ta kawo masa labarin, kasuwar Singa na tsakiyar ci. Ta zo sarin taliya da tumatirin gwangwani na gidan abincinta da ke Sabon Gari kamar yadda ta saba, ta tsaya a bakin shagon Ikrima tana fifita da bakin zane, 'yan dako na ratsa ta suna "hanya, hanya."

"Malam Ikrima, mutuminka fa zai zo."

Ikrima ya saki igiyar da yake ɗaure katan da ita. Bai tambaye ta wane mutumin ba. Mutum ɗaya ne Comfort za ta kira masa da wannan sunan, wato ƙanenta Chukwuma.

"Bikin 'yata Ifeoma, ƙarshen watan nan. Ya ce ko da rarrafe ne sai ya zo."

"Da-da gaske?"

"To ƙarya zan yi maka da girmana? Ka dai zo bikin. Kada ka ce mini kasuwa ta riƙe ka."

Aka tura mata kayanta a baro ta tafi. Ranar nan har ya tashi daga kasuwa, mai neman sabulu sai Ikrima ya miƙa masa ashana.

Ikrima ɗan Fagge ne. Kakansa ne ya taso daga Barno da fataucin kanwa, ya ga Kano ta karɓe shi ya zauna. Tun yana ƙarami yake fama da in'ina mai tsanani. Kalma takan tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, ya yi ta kokawa da ita har wanda ke saurarensa ya gaji ya ƙarasa masa, sau da yawa kuma da abin da ba shi yake nufi ba. Da ya ga haka sai ya koyi yin shiru. Mutanen unguwa suka yi ta yabon sanyin halinsa, ana cewa ɗan Hajja ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Ba wanda ya taɓa tambayar inda maganganun da bai faɗa ba suke taruwa.

Yana cikin samartakarsa rediyon Kaka ya lalace. Tsohuwar ba ta iya karyawa sai da labaran safe, saboda haka ta tasa shi gaba sai ya kai gyara. Aka kwatanta masa shagon wani dattijo a Sabon Gari. Bai sami dattijon ba, sai ɗansa, wani dogon saurayi mai wushirya, ya duƙufa a kan wata amfilifaya. Daga ɗakin baya kuma wata irin ƙara ce ke fitowa wadda Ikrima bai taɓa jin irinta ba. Kamar ruwan ƙanƙara a kan kwano, ƙarƙashinsa ganga na gudu kamar injin niƙa ya ƙwace, can cikinsu kuma wani mutum na kururuwa sai ka ce daga ƙasan rijiya.

"Wa-wannan sifikar ta mutu," in ji Ikrima.

Saurayin ya tuntsire da dariya. "Lafiyarta ƙalau, Malam. Waƙa ce."

Shi ne Chukwuma. A Sabon Gari aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, ranar Lahadi kuma shi ke kaɗa jita a cocinsu. Ya ce sunan abin black metal, na wasu Turawa ne na ƙasashen ƙanƙara, a kafen intanet ya tsinto shi. Ya miƙa hannu zai kashe. Ikrima ya riƙe hannun.

Rediyon Kaka ya gyaru tun a ranar, amma Ikrima bai daina zuwa ba. Chukwuma ya sa masa wani nau'in da ya ce ana kira harsh noise, shi ba jita ba ganga, ƙara ce zalla, kamar rediyon da ya ɓata tasha aka ƙure masa murya. Ya nuna masa hotunan makaɗan, sun shafe fuska da fari da baƙi kamar dodanni, ya kuma gaya masa gaskiya cewa wasunsu zagin addini suke yi. Ikrima ya ja da baya ya yi a'uziyya.

"Ni ma da mamata za ta ga hoton nan, sai ta kai ni gaban fasto an yi mini addu'a," in ji Chukwuma. "Su riƙe Shaiɗaninsu can. Mu ƙarar muke so."

A kan haka suka tsaya. Duk Asabar da rana, in an ɗauke wuta janaretocin layin sun tashi gaba ɗaya ba mai jin na kusa da shi, sai su shige ɗakin baya su rufe ƙofa. Chukwuma ya yi wa jitarsa wani ɗan akwati da hannunsa, wanda in ya taka sautin yakan tsage ya zama kamar ana yagar kwano. Ikrima kuma ya tara matattun rediyoyi da guntun sarƙa da marfin tukunya, yana jona su yana goga su. In an kira la'asar ya fita ya yi alwala a famfon layi ya yi salla, Chukwuma ya jira shi yana gyaran tsirkiya.

Wata Asabar Chukwuma ya cusa masa makirfo a hannu.

"Yi ihu."

"Me-me zan ce?"

"Ko me ke cikinka. Wa zai ji?"

Ya taka akwatin, ɗakin ya cika. Ikrima ya rufe ido ya buɗe baki. Abin da ya fito ya ba shi tsoro shi kansa. Ba ihu ne kawai ba, magana ce, Hausa tsantsa, kalma na bin kalma ba wadda ta tsaya. Ya faɗi abin da malamin aji ya yi masa da 'yan aji suka yi dariya. Ya faɗi sunan yarinyar da ya kasa gaya wa yana sonta har aka ɗaura mata aure. Ya yi ta yi har muryarsa ta dishe. Da jitar ta tsaya ya sami kansa a durƙushe, rigarsa sharkaf.

Chukwuma ya daɗe yana kallonsa. "Mutumina, ashe kai ne mai surutun garin nan."

Suka sa wa kansu suna Tsatsa. Sukan je bayan tashar jirgin ƙasa wurin tsofaffin taragai, su buga jikinsu da ƙarfe su naɗi amon. Sun ɗora wasu waƙoƙin a intanet, inda 'yan tsiraru suka saurara, har wani mutum daga Kudancin Amurka ya turo saƙo yana tambayar wane yare ne wannan. A duk Kano kuwa ba wanda ya san da su sai Comfort, wadda kan leƙo ta ajiye musu ruwa, ta toshe kunne ta ce Allah ya shirye su.

Sai shekarar nan ta zo da bama-bamai suka tashi a gari, mutanen Sabon Gari da yawa suka haɗa kaya. Mahaifin Chukwuma, wanda dama ciwo ya fara cin ƙarfinsa, ya ce shi a ƙasar ubansa zai mutu. Comfort ta zauna saboda mijinta. Chukwuma shi kaɗai ne namiji, dole ya bi iyayensa Nnewi. Ya bar wa Ikrima amfilifaya da akwatin takawar nan, ya ce ya riƙe masa, ƙura na lafawa zai dawo.

Ƙura ta lafa, bai dawo ba. Dattijon ya rasu, nauyin gida ya hau kan Chukwuma, ya sami aiki a wata masana'antar ƙera kayan mota, ya yi aure. Da farko sun gwada aika wa juna sauti ta waya, wannan ya naɗa wancan ya ɗora nasa, amma abin ya fito kamar miya ba gishiri. Irin wannan kiɗan sai ana ɗaki ɗaya, ƙarar na dukan ƙirjin mutum biyu a lokaci guda. Ga shi kuma waya ita ce babbar abokiyar gabar Ikrima. In ba ya ganin fuskar mutum in'inar takan ninka. Chukwuma zai kira, ya yi ta zuba, shi kuwa daga "e" sai "a'a." Sannu a hankali kiran ya koma na barka da salla da barka da Kirsimeti.

Shekara fiye da goma ke nan. Ikrima ya auri Mahbuba, sun haifi Jawahir, ya buɗe shagonsa. Kayan Tsatsa na ɗakin ajiyar Hajja, ƙarƙashin tsofaffin tabarmi. Ba ya maganar su. Amma wani lokaci in cunkoso ya riƙe shi a shataletalen Bata, masu adaidaita sahu sun danne hon gaba ɗaya, mai wa'azi na yi da lasifika, mai tallar magani na yi da tasa, sai ya ji kamar jitar nan za ta shigo ta saman su. Yakan kasa kunne ya jira ta har hanya ta buɗe.

Washegarin zuwan Comfort ya je gidan Hajja ya zaro kayan. Gara ta ci gefen akwatin sifika, ɓera ya gutsure wayoyi. Kullum ya taso kasuwa sai ya zauna a tsakar gida yana kankarewa yana liƙewa. Mahbuba ta tsaya a kansa da tsintsiya a hannu.

"Abban Jawahir, wannan tarkacen fa?"

"Na a-abokina ne. Zai zo."

"Inyamurin nan da Hajja ke cewa kun yi haukar rediyo tare?"

Ya gyaɗa kai. Ta dube shi, ta dubi kayan. Da za ta koma ɗaki ta ajiye masa tsumma mai tsabta.

Maƙwabcin shagonsa, Alhaji Abdulƙahhar, yana da wani sito a bayan tashar jirgi wanda babu komai a ciki sai shinkafarsa ta iso. Ikrima ya roƙi aron sa na ranar Lahadi, ya ce sifika zai gwada. Alhaji ya ba shi makulli. Har jita ya samo aro wurin wani mai hayar kayan kiɗa, don bai sani ba ko Chukwuma zai zo da tasa. Ya kai komai ya jera, ya kunna ya ji suna huci, ya kashe.

Ranar biki ya sa farar shadda ya tafi Sabon Gari. An kafa rumfuna a harabar wata makaranta, manyan sifikoki na ta dukan kiɗan kudu, mata sun sha ɗaurin kai ana ta rawa ana liƙi. Ya duba cikin masu rawa bai gan shi ba. Ya duba wajen makaɗa, inda ya tabbata nan zai same shi, babu shi. Comfort ce ta hango shi, ta nuna masa bakin ƙofa da haɓa.

Can waje, gindin wata bishiyar darbejiya nesa da rumfa, wani mutum mai tumbi na zaune a kan benci shi kaɗai. Sai da ya yi murmushi wushiryar ta bayyana.

"Mutumina!"

Suka rungume juna suka daɗe. Chukwuma ya yi ƙiba, furfura ta fito masa a gemu. Ya tambayi Hajja, ya tambayi Kaka, Ikrima ya ce ta rasu, ya yi masa ta'aziyya. Ya kira matarsa Nkechi ta zo suka gaisa ta koma. Duk wannan Ikrima na lura da abu biyu. In zai yi magana sai Chukwuma ya juyo masa da kunnen dama, yana kallon leɓensa. Kuma akwai auduga a cushe cikin kunnuwansa duka biyu.

"Me-me ya sami ku-kunnenka?"

Chukwuma ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. "Injinan wurin aiki. Shekara da shekaru ina tsaye kusa da mai buga ƙarfe. Na hagun ya tafi gaba ɗaya. Na daman kuma akwai wata ƙara a ciki, wiii, ba dare ba rana. Likita ya ce in na ƙara shiga hayaniya shi ma zai bi ɗan'uwansa. Ko a coci yanzu a baya nake zama. Na daina kiɗa tuni." Ya yi 'yar dariya. "Ka ga ikon Allah, ni da nake neman ƙara a kafe, yanzu an ba ni tawa ta kaina, ba ta kashuwa."

Makullin siton na aljihun Ikrima, yana jin sanyinsa a cinya. Ya ƙudura ba zai ambace shi ba.

"Comfort ta ce an ga kana jigilar kaya bayan tasha," in ji Chukwuma.

"Ba-ba komai ba ne."

"Ƙarya ba ta yi maka kyau. Gobe in mun fito coci ka zo ka ɗauke ni. Ko ido ne in ba su."

Ranar Lahadi da rana suka tafi. Unguwar tashar shiru, sai awaki na kiwo tsakanin layukan dogo. Ikrima ya buɗe siton, haske ya faɗa kan kayan a jere. Chukwuma ya durƙusa gaban akwatin takawar da ya ƙera da hannunsa, ya shafa shi, ya juya shi ya ga sabon liƙin da aka yi masa.

"Aikinka ba kyau," ya ce, amma muryarsa ta canja.

Ya ɗauki jitar aron ya zauna a kan wani bulo. Bai jona ta ba. Yatsunsa sun yi kauri, da farko suna ta tuntuɓe, sai can suka gano hanya. Sautin da ke fita ɗan siriri ne, tsin-tsin-tsin, kamar kukan sauro, amma Ikrima ya gane ta nan take. Waƙarsu ce ta taragai, wadda suka fi so. Ya tsaya jikin bango yana jin sauran a cikin kansa.

Chukwuma ya tsaya. Ya ciro sabuwar auduga ya ƙara cusawa, ya cire rigarsa ta sama ya naɗe kansa da ita har kunnuwa.

"Kunna."

"A'a. Li-likita ya..."

"Likita yana Nnewi. Guda ɗaya kawai. Na yini na kwana a mota, ba don shinkafar biki kaɗai na zo ba. Kunna, kuma ka ajiye wayarka ta naɗa."

Ikrima ya tada janareta, ya jona, ya ajiye waya a ƙasa. Chukwuma ya taka akwatin.

Siton babu kaya a ciki, saboda haka ƙarar ta bugi bango ta dawo ta ninka kanta. Kwanon rufi ya ɗauki rawa, tsatsa na zubo musu a ka. Ikrima ya ja sarƙa a kan marfin tukunya, ya murɗa rediyo, ya ji abin ya daki ƙirjinsa daidai inda ya saba duka. Ya ɗauki makirfo. Ya yi tsammanin ya manta yadda ake yi, ashe yana nan. Ya faɗi rasuwar Kaka da yadda ya kasa ce mata komai a bakin gado. Ya faɗi Asabar ɗin da ya yi ta wucewa ta gaban tsohon shagon, wanda yanzu ake sayar da taya a ciki. Ya juya ya fuskanci Chukwuma ya gaya masa ka ce za ka dawo, ka ce za ka dawo, ya yi ta maimaitawa, kalmomin na fita sumul. Chukwuma na duƙe a kan jita, kai a naɗe, yana kaɗawa kamar ana bin sa.

Suna tsakiyar waƙar jitar ta yanke.

Chukwuma ya saki tsirkiya ya dafe kai da hannu biyu, ya zame daga kan bulon ya zauna a ƙasa. Ikrima ya fizge wayar wuta daga soket, ya ruga ya kashe janareta. Ya dawo ya same shi ido a rufe, gumi na tsiyaya.

"Jiri ne," in ji Chukwuma da ƙarfi, don ba ya jin muryar kansa. "Bari ya wuce."

Ikrima ya kama shi suka fita iska, suka zauna a kan dogo. Ya sayo ruwa wurin wata mai talla ya zuba masa a ka. Tsoro ya cika Ikrima, yana ta tunanin ko ya ƙarasa kashe wa abokinsa kunnen da ya rage. Can Chukwuma ya zare audugar dama a hankali, ya karkata kai.

"Yi magana in ji."

"Ka-kana jina?"

"Ina ji. Ƙarar ta ƙaru, amma ina ji." Ya sauke numfashi. "Ban ji abin da kake faɗa a ciki ba, audugar ta yi yawa. Amma na ga bakinka."

Ikrima ya kawar da kai yana kallon awaki.

"Na so in dawo," in ji Chukwuma. "Wallahi na so."

Daga nan suka taka zuwa Bata a ƙafa, suka ci gurasa da tsire a tsaye kamar da. Chukwuma na ta nuna gine-ginen da bai sani ba yana tambayar me ke wurin a da. Washegari Ikrima ya bar shago ya raka su tashar manyan motocin kudu. Chukwuma ya ce da bikin Ista zai dawo shi kaɗai, su zauna sosai. Ikrima ya ce Allah ya kai mu. Ya tsaya har motar ta sha kwana.

Ista ta zo ta wuce, aiki bai bar Chukwuma ya zo ba. Comfort ta yi ƙoƙari, ta haɗa Ikrima da wani Victor da ke kaɗa jita a cocinsu. Mutumin kirki ne, hannunsa ma ya fi na Chukwuma gwaninta. Sun gwada sau ɗaya. Victor ya yi ta tambayar a wane ma'auni ake, yana neman inda waƙar ta dosa, shi kuwa Ikrima ya riƙe makirfo bakinsa ya ƙi buɗuwa. Ya yi masa godiya, ya saya masa lemo, bai sake kiransa ba. Shinkafar Alhaji Abdulƙahhar ta iso, kayan suka koma gida. Wannan karon Mahbuba ta ce kada a mayar da su wurin ɓeraye, ta share musu lungu a ɗakinsu ta rufe da zane.

Wata Lahadi bayan la'asar waya ta yi ƙara. Chukwuma ne. Suka gaisa, ya tambayi Jawahir da kasuwa, sannan ya ce:

"Abin nan da ka naɗa, yana nan?"

"Ya-yana nan."

"Sa mini. Amma a hankali."

Ikrima ya ari wayar Mahbuba ya tura waƙar a ciki, ya kunna, ya kara ta kusa da tasa.

"Rage. Ƙara ragewa. Yawwa, bar shi haka."

Ƙarar da ta girgiza kwanon sito ta koma 'yar ƙarama, ba ta fi shuuu ɗin tafasar ruwa ba. Ikrima na zaune a bakin gado da waya a kowane hannu. Daga can ɓangaren ba ya jin komai sai numfashi. Suka saurara tare har inda jitar ta yanke, aka bar muryar Ikrima ita kaɗai na ɗan lokaci, sannan ƙarar takun gudu, sannan shiru.

"Nan na tsaya," in ji Chukwuma. "Saura kaɗan mu kai wurin da nake so."

Ikrima ya buɗe baki, kalmar ta tsaya. Chukwuma bai ƙarasa masa ba, ya jira. Can nesa aka ji muryar Nkechi tana kiran mijinta abinci na hucewa.

"Ina zuwa," ya ce mata da yarensu. Sannan ya dawo kan waya. "Mayar da ita farko, mutumina."